Wanda Ya Karɓi Wuta a Hannun Baba

Ranar da na fara gane cewa hankalin Baba ya yi tafiya, yana tsaye a falona ne lafiya lau, zai yi sallar azahar. Abin da ya tsayar da ni da faranti a hannu shi ne inda ya fuskanta. Tun da ya dawo gidana da zama dardumarsa tagar gabas take kallo, amma ran nan sai ya juya ta wajen ƙofar kicin, kudu maso yamma, ya kabbarta hankalinsa kwance. Na jira ya sallame na ce, "Baba, ai alƙibla nan take." Ya yi mini kallon da ake yi wa yaron da ya tsoma baki a maganar manya, ya ce, "A ƙasarku ke nan. A nan Makka ta can take."

Wannan "nan" da ya faɗa ba unguwarmu Kurudu yake nufi ba, ba ma Abuja ba. Magnitogorsk yake nufi, wani garin ƙarafa a Rasha inda ya yi zaman koyon aiki tun ba a haife ni ba. Mu 'ya'yansa mun iya faɗin wannan suna mai karya harshe tun kafin mu san sunayen unguwannin garinmu. Zamanin Tarayyar Sobiyet ne gwamnati ta kwashi samari masu karatun injiniya ta tura su can su koyo narka tama, saboda ana gina mana namu katafaren kamfanin ƙarfe a bakin kogin Neja. Baba na cikinsu. Ya bar Mama da cikin Yayana, ya tafi da akwati ɗaya da wata rigar sanyi da ya saya a Kano, wadda ya ce yana sauka daga jirgi ya gane ashe rigar ado ce.

A kan tiren abinci muka koyi taswirar garin. In an ajiye wa Baba tuwo, sai ya kwantar da cokali a tsakiyar tire ya ce wannan kogin Ural ne, yana gangarowa daga arewa zuwa kudu. Gefen nan Asiya, gefen can Turai. Malmalar tuwo tana Asiya, ita ce dutsen. Kwanon miya mai tururi shi ne masana'anta, a gindin dutsen. Kofin ruwa kuma yana Turai, nan ne gidajen kwana. "Kullum da safe," in ji shi, "sai in hau jirgin ƙasa na cikin gari daga Turai, in tsallaka gada, in je Asiya aiki. Da yamma in koma Turai in ci abinci. Wane attajiri ne a Kano yake yin haka?" Mama takan ce, "Ci tuwonka dai kafin Asiyar ta huce."

Dutsen nan, in ji Baba, kusan tama ce zalla, mai maganaɗisu, daga nan ma garin ya samo sunansa. Matafiyan da, in sun matso kusa da shi, allurar kamfas ɗinsu sai ta rikice. Kafin a waiwaye shi babu komai a wurin sai fili fetal, ciyawa da iska, da makiyaya masu dawaki, da wani ɗan ƙauye a bakin ruwa. Sai aka zana gari a takarda, aka kwaso mutane su gina shi. Wasu da son ransu suka zo, wasu kuwa raba su aka yi da gonakinsu aka jibge su a tantuna cikin sanyin da ke kashe mutum a tsaye. Baba bai taɓa ɓoye mana wannan ba, kuma in ya zo wurin muryarsa takan yi ƙasa. Da babban yaƙin duniya ya zo, ƙarfen garin ne aka yi ta ƙera tankokin yaƙi da shi. Yana ba da labarin yana gutsurar malmalar daga gefe, loma bayan loma, har ta koma ɗan tudu mai rami a tsakiya. "To, haka suka cinye dutsen. Ni da na je rami na tarar, tama ma sai an kawo musu daga wani wuri a jirgin ƙasa." Dusar ƙanƙara kuma, ya ce, fara tas take sauka, amma a gefen Asiya kafin gari ya waye hayaƙi ya mai da ita kalar toka.

Maganar alƙibla ma tana cikin labaran. Ya tafi da ɗan kamfas na duba alƙibla, amma a garin da ko'ina ƙarfe ne bai yarda da shi ba. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tatar, mai gadin ƙofar gidan kwanansu, ta leƙo ta gan shi yana ta juyi a ɗaki da abin a tafin hannu. Ta kama kafaɗunsa ta juya shi wajen kusurwar kudu maso yamma, ta ɗora yatsa a leɓenta, ta fita. Da haka ya san Musulma ce, kuma ya san ba abin da ake shelantawa ba ne a lokacin.

Amma abin da ya fi bin sa gida daga can shi ne ƙa'idar miƙa aiki. Tanderun narka tama ba a kashe shi, ba a barin sa shi kaɗai. In ya huce da narkakken ƙarfe a cikinsa, ƙarfen zai daskare ya zama dunƙule ɗaya, sai an fasa tanderun kafin a fitar da shi. Saboda haka mai duti ba ya tafiya don agogo ya buga. Sai mai karɓarsa ya zo, su tsaya tare a gaban wuta, ya faɗa masa halin da take ciki. Sannan ya dubi ƙwayar idonsa. In ya ga maye, ko gajiya, ko ciwo, ba zai ba shi ba, gara ya zarce. In ya gamsu sai ya cire safar hannu su yi musabaha, mai shigowa ya ce ya karɓa. Baba ya ce akwai ranar da guguwar ƙanƙara ta tsayar da jirage a kan gada, ubangidansa, wani dattijo mai gajeren wuya, ya tsaya a gaban wuta har ƙafafunsa suka kumbura, bai ko kalli ƙofa ba.

Wannan ƙa'ida mu muka sha ta a gida. Mama ba ta isa ta bar tukunya a kan murhu ta leƙa maƙwabta ba sai ya tambaya, "Wa kika miƙa wa?" In ni aka bar wa, sai na zo gabansa na ce "na karɓa" da bakina, ko da ruwan shayi ne. Mun yi ta yi masa dariya a bayan ido, muna miƙa wa juna tsintsiya da musabaha. Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne, murhun Mama ne kaɗai wutar da ya samu ya kula da ita. Babban tanderun da aka tura shi koyo dominsa an gina shi, yana nan tsaye a bakin Neja, amma ba a taɓa kunna shi ba. Baba ya yi ta zuwa aiki yana shafa wa injuna mai, yana jiran ranar da za a ce a hura, har furfura ta fito masa, har ya yi ritaya. Abin ya ci masa rai. Ni ma in na tuna har yau yana ci mini.

Bayan rasuwar Mama na ɗauko shi ya dawo wurina a Kurudu. Da farko lafiya muke zaune. Yana ma son Abuja, yana cewa ita ma gari ce da aka zana a takarda kafin a gina, kuma ita ma masu yi mata aiki a bayan gari suke kwana. Sai ga maganar darduma. Bayanta ya fara kirana da Rashanci, ya fara neman rigar sanyi a watan da ko fanka iskar zafi take hurawa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa.

Mantuwar ba ta dame ni kamar fitar ba. Da hantsi sai Baba ya sa hula ya nufi ƙofa, wai zai tafi duti. Ni ina ma'aikata a cikin gari, maigidana yana can wurin aiki a Idu, yara suna makaranta, matar da ke taya ni aiki kuwa ba ta iya riƙe shi, don har lokacin da ƙarfinsa. Sau ɗaya wani mai acaɓa ya dawo mana da shi daga bakin titin Karu, ya same shi yana tsaye a rana yana jiran jirgin da zai tsallaka da shi gada. Yayana, da yake Kaduna yake, ta waya ya yanke hukunci. "Ki sa wa ɗakinsa kwaɗo in za ki fita. Ko so kike mota ta buge shi?" Na ce, "Yaya, Baban ne za a kulle kamar akuya?" Ya ce, "To kawo wata dabarar." Ba ni da ita. Na sayi kwaɗon a hanyar dawowa daga aiki, na jefa shi a jaka, na yi ta yawo da shi na kasa fitarwa. Duk sanda na sa hannu neman makullin mota sai na taɓo shi.

Bayan gidanmu akwai ɗan rafi da aka ɗora wa katakai ake tsallakawa, a hayinsa kuma gidan burodi ne na wani mutumin Filato, Kirista, mai faɗin ƙirji da son waƙoƙin coci a rediyo. Ni da shi ba ma ga maciji. Tanderunsa na itace ne, in iska ta juyo hayaƙin sai ya sauka a kan shanyata. Akwai ranar da na tsallaka da farin mayafina a hannu na wanke mutumin tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya tsaya yana goge hannu a tsumma, da na gama ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, wuta ne, dole ya yi hayaƙi." Wannan amsa ta fi hayaƙin ƙona mini rai. Tun daga ranar ko burodinsa na hana a saya a gidana.

Wata Laraba mai aikina ta kira ni tana kuka, Baba ya fita tun safe ba a gan shi ba. Na baro ofis ba tare da na sallami kowa ba. Cunkoson Nyanya ya riƙe ni har na fara yi wa motar gabana faɗa kamar tana ji. A cikin wannan cunkoson na yanke shawara: in Allah Ya sa aka same shi da rai, yau kwaɗon zai fita daga jaka. Ina isa gida na tarar da matar mai burodi a ƙofa. Ta ce, "Madam, kar ki damu, Baba yana wajen mu tun safe. Amma ya ƙi zauna, ya ƙi ci abinci."

Na tsallaka katakan nan da takalmin ofis. Baba na tsaye a gaban tanderu, ya naɗe hannun rigarsa, zufa ta jiƙa shi sharkaf, ya ƙura wa bakin wutar ido. Ma'aikatan suna ta kewaye shi da farantan burodi. Na kama hannunsa na ce, "Baba, zo mu tafi gida." Ya fizge. Na sake kamawa, ya ture ni, abin da bai taɓa yi mini ba tun ina yarinya. Leɓensa ya bushe, amma ko gezau. Kunya da tsoro da haushi suka haɗu mini, ga shi a gaban mutumin da na tsana.

Mai burodin ya matso ya ce, "Madam, mun yi mun yi. Kamar yana jira wani. Wa yake jira?"

Cikin ɓacin rai na ba shi amsa, ba don ina tsammanin za ta yi amfani ba. "Mai karɓarsa yake jira. Gani yake yana Rasha, wannan kuma tanderun ƙarfe ne. Ba zai tafi ba sai wani ya zo ya karɓi aiki a hannunsa." Na faɗa masa yadda ake yi a gurguje, ina jira ya yi dariya in samu abin da zan huce a kansa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ah, to ai gaskiyan shi ne. Ni ma ba na barin wuta haka." Ya cire rigar aikinsa, ya fita ta ƙofar baya, ya wanke fuska a famfo, ya zagayo ta ƙofar gaba kamar yanzu ya iso. Ya tsaya kusa da Baba ya ce, "Sannu da aiki, oga. Na zo duti."

Baba ya juyo a hankali. Ya ce, "Ka makara."

"Yi haƙuri sa. Go-slow ne a gada."

Baba ya gyaɗa kai, kamar ya san halin gadar. Ya nuna bakin tanderun ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Rashanci, wuta ta yi ja da yawa a gefen hagu, a kula da iska. Mai burodin yana ta "yes sa". Sannan Baba ya kama haɓar mutumin ya juyo da fuskarsa wajen haske, ya duba idonsa sosai. Ya cire safar da babu ita a hannunsa, yatsa bayan yatsa, ya miƙa hannu. Na raɗa wa mutumin abin da zai ce, ya ce, "Na karɓa." Nan take kafaɗun Baba suka sauka. Ya dube ni ya ce yunwa yake ji. Da muka hau katakan rafi ya tsaya a tsakiya ya nuna gidana da haɓa, ya ce, "Ga Turai can."

Washegari da sassafe, kafin in fita, mai burodin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya ce, "Madam, ki bar Baba ya dinga zuwa duti. In yana wajen mu ba zai je titi ba. Da yamma zan karɓa, ya dawo gida." Na ce zai hana su aiki, kuma wuta ce, tsoho ne. Ya ce, "No wahala. Idanu na yana kan shi." Kunya ta kama ni, ni da na hana a sayi burodinsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah Ya saka da alheri." Ya ce amin, ya koma wajen wutarsa.

Haka Baba ya koma aiki bayan ritaya. Mai aikina takan raka shi ta tsallakar da shi Asiya da hantsi. An ajiye masa benci a inda zafi ba ya kai wa sosai, mai burodin ya ce masa nan ne kujerar babban injiniya, ya kuwa yarda ya zauna. Ya nemi a riƙa jefa masa ɗan gishiri a ruwan sha, wai haka ake ba masu aikin gaban wuta a can, aka yi masa bayan na tambayi likita. In azahar ta yi matar mai burodi ke shimfiɗa masa buhun fulawa mai tsabta. Da farko ta shimfiɗa gabas, yadda ta ga Musulmin unguwa suna yi, ya juya shi. Ta zo ta same ni cikin damuwa, kada a ce su suka ɓata masa salla. Na tambayi limaminmu, ya ce wanda hankalinsa ya gushe babu laifi a kansa, a bar shi da Ubangijinsa. Daga nan ita da kanta take shimfiɗa masa kudu maso yamma. Da Yayana ya zo ya ga Baba ya yi ƙiba, yana yi wa ma'aikata faɗa a kan itace ɗanye, bai sake tayar da maganar kwaɗo ba. Kejin kajina na sa wa shi.

Lahadi ce ta so ta ba mu matsala, don ran nan gidan burodin a rufe yake. Lahadin farko Baba ya tsallaka ya tarar da tanderu a sanyaye. Ya sa hannu a bakinsa ya ji ba ɗumi, sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, yana cewa an bar ta ta mutu, ƙarfe ya daskare, shi za a tambaya. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, ko a rasuwar Mama a ɓoye ya yi. Ban faɗa wa mai burodin ba, matarsa ce ta hango mu. Lahadin da ta biyo baya ina shara na ga hayaƙi na tashi daga hayi. Mutumin nan ya hura 'yar wuta a tanderun da ba zai gasa komai a ciki ba, ya bar mini makulli, ya tafi coci. Da aka tashi, kafin ya shiga gidansa, ya zo da kwat ɗinsa da Littafinsa a hammata ya karɓi aiki. Haka ya riƙa yi kowace Lahadi. Na yi masa maganar itacen da yake ƙonawa, ya ce in na sake tayar da ita zai daina gaishe ni. Hayaƙin yana sauka a kan shanyata kamar da, ban sake cewa uffan ba.

A waɗannan Lahadin ni ke zama da Baba a gaban wuta. Bai san ni ba. Yawanci yana ɗauka ta tsohuwar nan ce mai gadin ƙofa, yana yi mini ladabi, yana ba ni labarin matarsa da ya baro da ciki a gida. Ya nuna mini sama ya ce matan garin nan jarumai ne, su ke tuƙa injin ɗaga kaya a can ƙololuwa, tukunyar narkakken ƙarfe na lilo a ƙarƙashinsu. Ina jin daɗin hirar, amma ba zan yi ƙarya ba, yana yi mini ciwo in ga ya san mai burodi da ya shigo rayuwarsa jiya, ni kuwa ko sau ɗaya bai dubi idona ya kira ni 'yarsa ba.

Daga baya ƙafafu suka ƙi. Ya daina tsallaka rafi, sannan ya daina fitowa falo, ya koma kwance. Amma a kansa har yanzu yana gaban wuta. La'asar na yi sai ya fara kallon ƙofa, ba ya ci, ba ya shan magani, sai an karɓe shi. Mai burodin ya riƙa barin aikinsa yana zuwa har bakin gado, ya cire takalmi a ƙofar ɗaki, su yi abinsu, sannan Baba ya buɗe baki a ba shi kunu.

Ana gab da Kirsimeti aiki ya yi wa gidan burodin yawa, suna gashi ba hutawa. Ran nan na dawo da wuri saboda jikin Baba ya yi nauyi tun safe. Mai burodin ya shigo a kan lokaci, amma idanunsa sun yi jajir don hayaƙi da rashin barci. Ya ce, "Oga, na zo duti." Baba ya kama haɓar mutumin, ya duba, ya duba, sai ya sake shi.

"A'a. Kai ka gaji. Ba zan ba ka ba."

"Ban gaji ba sa."

"Idonka ya faɗa mini. Je ka kwanta. Zan zarce."

Sai ya fara yunƙurin sauka daga gado, zai koma gaban wuta. Numfashinsa na sama sama, yana ture hannuna, yana ture kofin magani. Na riƙe shi ina roƙonsa, ina jin ƙasusuwan ƙirjinsa a tafin hannuna. Na san in ya ci gaba da wannan kokawa jikin ba zai ɗauka ba. Na dubi mai burodin.

Sai ya zare tsumman da ke kafaɗarsa, wanda yake kama farantai masu zafi da shi, duk fulawa da baƙin hayaƙi, ya ɗora mini a kafaɗa a kan mayafina. Ya ja ni ya tsayar a inda yake tsayawa. Ya ce, "Oga, gaskiyan ka ne, na gaji. Shi ya sa na kawo wani. Wannan ya iya aiki, ni na san shi. Tun yana ƙarami yake koyo."

Baba ya daina kokawa. Ya ce, "Mace?" Sai kuma ya amsa wa kansa, "To, ai suna yi." Ya ɗago hannu ya kama haɓata, ya juyo da fuskata wajen taga. Ya dubi cikin idona, ya daɗe yana duba. Na danne kukan da ke taso mini da duk ƙarfina, don na san in ya ga hawaye zai ce ba ni da lafiya, ya hana ni.

Ya ce, "Kin ci abinci?"

Na ce, "Na ci."

"Kina kama da wata 'yata. Ita ma akwai faɗa, amma ba ta barin tukunya." Ya nuna bango ya yi mini bayanin wutar a hankali, inda ta yi ja, inda take son iska. Ya cire safarsa, yatsa bayan yatsa, ya miƙo hannu. Na kama.

Na ce, "Na karɓa, Baba."

Ya koma ya kwanta, kafaɗunsa suka sauka. Ya sha kunu, ya sha magani. Mai burodin ya lallaɓa ya fita, ya bar mini tsummansa. Da aka kira magariba a masallacin unguwa na kawo wa Baba dutsen taimama, na zo zan gyara masa kwanciya kudu maso yamma kamar kullum. Sai ya riƙe hannuna, ya kalli ɗakin kamar baƙon da ya sauka yanzu, ya ce, "Ina alƙibla a gidan nan?" Na nuna masa tagar gabas. Bai yi gardama ba, ya ce in juya shi.

Bai sake neman duti ba. Kafin sabuwar shekara Allah Ya karɓi abinSa, da rana, ina zaune kusa da shi. Mai burodin ya rufe gidan burodinsa ran nan duk da cinikin da ake yi, ya bi jama'a har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama.

Bayan an share makoki na wanke tsumman, na goge, na tsallaka rafi na kai masa. Na shirya maganganu da yawa a hanya, da na isa gabansa duk suka gudu, sai godiya nake ta maimaitawa. Ya karɓi tsumman ya juya shi, ya ga yadda ya yi fari, sai ya mayar mini a hannu.

Ya ce, "Madam, riƙe shi. Ai ke ne a duti yanzu."